Janar James Wolfe (1727–1759): Sojan da Ya Buɗe wa Ingila Ƙofar Kanada

James Wolfe hafsan sojan Ingila ne wanda shekara 32 kawai ya yi a duniya. A cikin wannan ɗan lokaci ya sa hannu wajen cin garuruwa biyu masu ganuwa na Faransawa, wato Louisbourg da Kwibek. Faɗuwar garuruwan nan ita ce ta fitar da ƙasar Kanada daga hannun Faransa ta mai da ita hannun Ingila. Karon da ya yi masa suna bai wuce minti 15 ba, a cikinsa kuma ya mutu, amma ya yi shekara 18 yana shirya kansa domin rana irin wannan. Tarihinsa yana da wuri mai daɗin ji, yana da wuri marar daɗi, ya kuwa kamata ɗalibi ya san duka biyun.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi James Wolfe ran 2 ga Janairu, 1727, a wani ƙaramin gari mai suna Westerham a gundumar Kent, kudu maso gabas da Landan. Sunan mahaifinsa Edward Wolfe, shi ma hafsan soja ne. Sunan mahaifiyarsa Henrietta. Su biyu ne suka tashi a gidan, shi da ƙanensa Edward. Daga baya iyayensu suka ƙaura zuwa Greenwich, a bakin Kogin Thames.

Wanda ya ga James yana yaro ba zai ce zai yi aikin soja ba. Dogo ne, siriri, mai jan gashi, ga yawan laulayi. Duk tsawon rayuwarsa ya yi fama da sanyin ƙashi da ciwon mara, kuma da zarar ya shiga jirgin ruwa sai jiri da amai su kwantar da shi. Yana da shekara 13 ya matsa sai ya bi mahaifinsa yaƙi a wani gefen tekun Atlantika, amma tun kafin jirgi ya tashi ciwo ya kama shi, aka komo da shi gida wurin uwarsa. Wannan bai sa ya fid da rai ba. A shekarar 1741, yana da shekara 14, aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa. A zamanin nan ba abin mamaki ba ne a ga ɗan babban gida ya shiga soja da ƙananan shekaru haka.

Yaro a Fagen Fama

A 1742 aka tura ƙungiyarsa ƙasar da yau ake kira Beljiyam, domin yaƙi ya tashi tsakanin sarakunan Turai a kan gadon sarautar Ostiriya. A watan Yuni na 1743 ya ga yaƙinsa na farko a Dettingen, cikin ƙasar Jamus, inda Sarki George na Biyu da kansa ya ja rundunar Ingila. Daga wannan rana ba a sāke samun sarkin Ingila da ya fita fagen fama da kansa ba. Aka harbi dokin Wolfe ya kayar da shi, ya tashi ya ci gaba da aikinsa a ƙasa. Shekararsa 16 a lokacin. A shekara ta gaba aka ƙara masa girma zuwa kyaftin, amma a cikinta ne kuma ƙanensa Edward, wanda ya biyo shi soja, ya rasu saboda ciwo. Wolfe ya daɗe yana baƙin cikin cewa bai samu zuwa wurinsa ba kafin ya cika.

A 1745 tawaye ya tashi a Sikotilan, inda mutanen kan duwatsu suka goyi bayan wani ɗan tsohon gidan sarauta. Aka komo da Wolfe gida, ya halarci yaƙin Culloden ran 16 ga Afrilu, 1746, inda aka murƙushe 'yan tawayen. Akwai labarin da Turawa suke yawan bayarwa, cewa bayan an gama yaƙin wani babban hafsa ya umurce shi ya harbe wani ɗan Sikotilan da ke kwance da rauni, shi kuwa ya ƙi, ya gwammace a tuɓe shi daga muƙaminsa. Duk da haka yana cikin rundunar da ta bi ƙauyukan ƙasar tana hukunta mutane ba tausayi. A 1747 aka mai da shi Turai, ya sami rauni a yaƙin Lauffeld. Da aka yi sulhu a 1748 yana da shekara 21, ya riga ya ga manyan yaƙe-yaƙe da dama.

Shekarun Karatu

Zaman lafiya yakan lalata soja mai son jiki. A wajen Wolfe kuwa lokacin makaranta ya zama. A 1749 aka naɗa shi manjo a Ƙungiya ta 20, a shekara ta gaba ya zama laftanar kanar yana da shekara 23. Yawancin shekarun nan a Sikotilan ya yi su. Ya lura cewa shiga soja da wuri ya hana shi ilimi, abin kuma yana damunsa. Saboda haka a birnin Glasgow ya ɗauki malamai da kuɗin aljihunsa suna koya masa lissafi da Latin bayan ya tashi daga aiki. Ya karanta tarihin mayaƙan dā na Girka da Roma. A ƙarshen 1752 ya sami hutu ya tafi Faris, ya yi kusan wata 6 yana gyara Faransancinsa, yana koyon wasan takobi da hawan doki.

Abin da ya fi ba shi suna a wannan lokaci shi ne horon da ya yi wa sojojinsa. Ya koya musu su tsaya a layi ba motsi ko da ana harbinsu, kada kowa ya ɗana kunamar bindiga sai abokan gaba sun matso kusa ƙwarai. Yakan duba abincinsu da tufafinsu da lafiyarsu da kansa. Yana da zafin rai da kaifin harshe, ba ya raga wa malalacin hafsa, amma ƙananan sojoji suna ƙaunarsa. Umurnan da ya rubuta wa ƙungiyarsa har an tara su an buga littafi bayan mutuwarsa domin amfanin sababbin hafsoshi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Rigimar Ingila da Faransa a Amurka

A zamanin nan Ingila da Faransa suna tseren mallakar ƙasashe a Indiya, da gaɓar Afirka ta Yamma, da tsibiran rake, da Amurka ta Arewa. A Amurka ta Arewa mutanen Ingila sun zauna a bakin teku, yawansu ya wuce miliyan ɗaya. Faransawa kuwa ba su fi kimanin 70,000 ba, amma sun riƙe Kogin St. Lawrence da manyan tafkuna, suna cinikin fatun dabbobi da 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Yawancin ƙabilun nan sun fi jituwa da Faransawa.

Faɗa ya fara a 1754 a kwarin Kogin Ohio, inda wani saurayin hafsa mai suna George Washington ya yi karo da Faransawa. A 1756 ya zama babban yaƙi, wanda littattafan tarihi suke kira Yaƙin Shekara Bakwai. Da farko Ingila ce ta yi ta shan kashi. Sabon kwamandan Faransa a Kanada, Janar Montcalm, ya ci sansanin Oswego a 1756, ya ci na William Henry a 1757.

A cikin 1757 ɗin ne aka aika da runduna ta kai hari Rochefort, wani mashigin jirage a gaɓar Faransa, Wolfe yana cikin manyan hafsoshinta. Shugabannin suka ɓata kwanaki suna shawara, daga ƙarshe suka juyo gida ba su sauka ba. Wolfe yana cikin 'yan kaɗan da suka nace a kai hari nan da nan. Da aka yi bincike a Landan sai sunansa ya kai kunnen William Pitt, ministan da ke tafiyar da yaƙin. Pitt yana neman samarin hafsoshi masu zuciya, kuma ya riga ya ƙudura cewa a Amurka za a karya Faransa.

Ganuwar Louisbourg

Wanda yake so ya kai jirage Kanada dole ya bi ta bakin Kogin St. Lawrence, a kusa da bakin nan kuwa akwai tsibirin Cape Breton. A nan Faransawa suka kafa Louisbourg a 1713, suka yi shekaru fiye da 20 suna gina masa ganuwar dutse da kuɗi mai yawan gaske. Gari ne na masunta da 'yan kasuwa, kifin da ake busarwa a sa wa gishiri shi ne arzikinsa. Yana da mashigin jirage mai faɗi, da igwogi a kan wani ɗan tsibiri da ke tsare bakin mashigin. Amma yana da lahani biyu. Ta wajen tudu akwai 'yan tsaunuka da maƙiyi zai iya ɗora igwa a kansu, sa'an nan danshi da sanyin wurin suna cin ginin kullum.

An taɓa cin garin a 1745, lokacin da mutanen New England a ƙarƙashin William Pepperrell suka yi masa ƙawanya da taimakon jiragen Ingila. Da aka yi sulhun 1748 sai Ingila ta mayar wa Faransa shi, ta karɓi Madras ta Indiya a madadinsa. Yanzu ga shi sai an sāke zub da jini a kan wuri guda.

A 1758 Pitt ya tura sojoji kimanin 14,000 a ƙarƙashin Janar Jeffery Amherst, da jiragen yaƙi kimanin 40 a ƙarƙashin Admiral Edward Boscawen. Wolfe yana ɗaya daga cikin birgediya uku na rundunar. A cikin garin akwai Gwamna Drucour da sojoji kimanin 3,500, ban da ma'aikatan jiragen yaƙin da ke cikin mashigi.

A jirgin Boscawen, mai suna Namur, akwai wani yaro baƙar fata, bawan wani hafsan jirgi. Shi ne Olaudah Equiano, wanda daga baya ya fanshi kansa ya zama ɗaya daga cikin masu yaƙi da cinikin bayi. A littafin tarihin rayuwarsa na 1789, inda ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi, ya ba da labarin wannan ƙawanya da ya gani da idonsa. Ya ambaci Wolfe da alheri, ya ce yakan kula da yaran jirgin, har ya taɓa cetonsa daga bulala ranar da ya yi faɗa da wani yaro.

Mako Bakwai na Ƙawanya

Jiragen suka iso ran 2 ga Yuni, amma hazo da haukan teku suka hana sauka har kwana 6. Da asubar ran 8 ga Yuni aka zuba sojoji cikin ƙananan jirage, Wolfe yana jan na gaba. Faransawa sun haƙa ramuka a bakin gaɓa, sun ɓoye igwogi a bayan sassaren itatuwa. Suka bari sai da jiragen suka matso, sa'an nan suka buɗe wuta. Abin ya yi muni har Wolfe ya ba da alamar a ja da baya. Ana cikin haka sai wasu ƙananan jirage uku suka faɗa wani lungu a bayan duwatsu inda harsashi ba ya kaiwa, mutanensu suka sauka. Da Wolfe ya hango su bai tsaya jiran umurni ba, ya juya sauran jiragen zuwa can. Raƙuman ruwa suka farfasa wasu a kan duwatsu, mutane suka nutse, amma saura suka hau tudu. Da Faransawa suka ga za a zagaye su sai suka gudu cikin ganuwa.

Daga nan aiki ya koma na haƙa da jan kaya. Sojoji suka yi hanya a cikin fadama, suka ja manyan igwogi da igiya, suna haƙa ramuka suna matsowa kusa da ganuwa kaɗan kaɗan. Ran 12 ga Yuni Wolfe ya zagaya mashigin da mutanensa ya kama tudun da hasumiyar fitilar jirage take. Daga can ya yi ta ruwan wuta a kan igwogin ɗan tsibirin nan har suka yi shiru. Kusan duk inda aiki ya yi zafi a makonnin nan, a nan ake ganinsa.

Faransawa ma ba su yi sanyi ba. Matar Gwamna Drucour takan hau ganuwa kowace rana ta harba igwa da hannunta don ta ƙarfafa zuciyar sojoji. Amma ran 21 ga Yuli harsashin igwa ya faɗa kan wani jirgin yaƙinsu, wuta ta tashi ta ci jirage uku. Barikin sojoji ma ya ƙone. Daren 25 ga Yuli ma'aikatan jiragen Boscawen suka sulale cikin mashigi a cikin hazo, suka ƙone ɗaya daga cikin manyan jirage biyu da suka rage, suka ja ɗayan suka tafi da shi. Kashegari, 26 ga Yuli, Drucour ya ba da gari.

An kwashe sojoji da ma'aikatan jirage fiye da 5,000 zuwa Ingila a matsayin fursunoni, mutanen gari kuma aka ɗebe su zuwa Faransa. Ko da yake Drucour ya rasa garin, ya cim ma abu guda: ya riƙe Ingilishi har lokaci ya ƙure, ba su iya wucewa Kwibek a shekarar ba, domin kogin yakan daskare da hunturu. Maimakon haka aka aiki Wolfe yankin Gaspé ya rushe ƙauyukan masunta. Ya ƙone gidaje da jiragen kamun kifi da kifin da talakawa suka tara. Shi kansa ya nuna a wasiƙunsa cewa aikin ba abin alfahari ba ne, amma ya yi shi.

Kwibek

Wolfe ya koma Ingila ana yabonsa ko'ina. Ya nemi auren wata budurwa mai suna Katherine Lowther, aka yi musu baiko. Kafin a ɗaura aure Pitt ya ba shi shugabancin rundunar da za ta ci Kwibek, da muƙamin manjo janar. Yana kan hanya mahaifinsa ya rasu a watan Maris na 1759.

Kwibek ita ce hedkwatar Faransawa a Kanada tun da Samuel de Champlain ya kafa ta a 1608. Tana bisa wani dogon dutse a inda kogin ya tsuke. Faransawa sun sakankance cewa manyan jirage ba za su iya hawo kogin ba saboda duwatsu da yashi. Amma Admiral Charles Saunders ya kawo jiragen yaƙi 49 da na kaya fiye da 100 lafiya. Cikin waɗanda suka auna zurfin ruwan akwai James Cook, wanda daga baya ya yi suna wajen binciken tekun Fasifik. A ƙarshen Yuni Wolfe ya sauka a tsibirin Orleans da sojoji kimanin 8,500.

Mutanen Montcalm sun fi na Wolfe yawa, sai dai akasarinsu manoma ne da aka ba bindiga. Dabararsa ita ce irin ta Drucour: ya zauna a bayan ramukansa, ya ƙi fitowa, har sanyi ya kori jiragen Ingila. Wolfe ya kafa igwogi a ƙetaren kogi, daga ran 12 ga Yuli ya shiga jefa wa birnin wuta. Gidaje da yawa suka rushe, babbar majami'ar garin ta ƙone, Montcalm bai motsa ba. Ran 31 ga Yuli Wolfe ya kai hari kusa da magangarar ruwa ta Montmorency. Sojojin gaba suka ruga ba tsari, aka yi ta harbinsu daga bisa, ruwan sama kuma ya jiƙa albarushi. Ya yi asarar mutane fiye da 400, matattu da masu rauni, bai sami kome ba.

Wuta a Gonaki

A nan ne tarihin Wolfe ya yi baƙi. Tun isowarsa ya sa aka manna sanarwa cewa ba za a taɓa manoman da suka zauna a gidajensu ba. Amma dokar Faransa ta tilasta wa kowane namiji mai ƙarfi ya ɗauki bindiga. Talakawan nan suka rasa tudun dafawa, gaba kura baya sayaki. Da suka ci gaba da harbin sojojinsa daga cikin daji, Wolfe ya ba da umurni a ƙone ƙauyuka a gaɓar kogin duka biyu. A watannin Agusta da Satumba aka ƙone gidaje da gonaki kimanin 1,400, aka kore dabbobi, aka lalata amfanin gona ana dab da girbi, a ƙasar da hunturunta yake kashe marar muhalli. Har wasu daga cikin hafsoshinsa sun ƙi jinin wannan aiki. Montcalm dai bai fito ba.

A ƙarshen Agusta zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Wolfe. Tsakaninsa da birgediyoyinsa uku, Monckton da Townshend da Murray, ba daɗi, har Townshend yana zana hotunansa na ba'a yana nuna wa hafsoshi. Daga kan gadon ciwo Wolfe ya yi abin da bai saba yi ba, ya nemi shawararsu. Suka ƙi dabarunsa duka, suka ce a bar gabashin birnin a sauka ta yamma, inda abincin Faransawa yake biyowa daga Montreal. Ya haɗiye girman kai ya yarda. Amma wurin saukar shi ya zaɓa da kansa: wani ɗan lungu mai suna Anse au Foulon, kimanin kilomita 3 daga ganuwar birnin, a gindin wani hayi mai tsawon fiye da mita 50.

Ran 13 ga Satumba, 1759

Kwanaki kafin ranar, jiragen Ingila suka yi ta hawa da gangara a kogin, sojojin Faransa da ke gadin yamma a ƙarƙashin Bougainville suna binsu a ƙasa har suka gaji. Cikin daren 12 ga wata ƙananan jirage cike da sojoji suka gangaro a duhu ba ƙara. Faransawa suna jiran jiragen abinci a wannan dare. An fasa aiko su, amma ba a gaya wa masu gadi ba. Da mai gadi ya yi tambaya daga gaɓa, wani hafsa ɗan Sikotilan ya amsa masa da Faransanci, aka bar su suka wuce. Abin lura, cikin rundunar Wolfe akwai ƙungiya guda ta mutanen duwatsun Sikotilan, dangin waɗanda ya yaƙa a Culloden.

Wajen ƙarfe 4 na asuba na farko suka sauka. Suka hau hayin suna kama saiwoyi da rassa, suka fatattaki 'yan gadin da ke sama, suka buɗe wa saura hanya. Kafin hantsi sojoji kimanin 4,500 sun jeru a wani fili a bayan birnin, wanda ake kira Filin Abraham, da sunan wani mutumin garin da ya taɓa kiwo a wurin.

Montcalm ya ga jajayen riguna a inda bai taɓa zato ba. Da ya jira 'yan sa'o'i da Bougainville ya iso ta bayan Ingilishi. Amma ya ji tsoron za su haƙa ramuka su kafu, sai ya fito da kimanin yawan mutanen da Wolfe yake da su. Wajen ƙarfe 10 suka taso. Suka fara harbi tun daga nesa, layinsu ya wargaje. Sojojin Wolfe, kowa da harsashi biyu a bindigarsa, suka tsaya cik, ana kayar da na kusa da su ba su motsa ba. Sai da tazarar ta rage kamar taki 40 suka saki wuta. Da hayaƙi ya washe, Faransawa sun juya da gudu. Horon nan da ya fara koyarwa tun a Sikotilan shi ne ya yi aiki a ranar.

Wolfe bai ga ƙarshen abin a tsaye ba. Harsashi ya same shi a wuyan hannu, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Na biyu ya same shi a ciki, na uku a ƙirji. Aka ɗauke shi zuwa baya. Ya rayu har ya ji cewa abokan gaba suna gudu, ya ba da umurni a tare musu hanyar gada, sa'an nan ya cika. Montcalm ma an harbe shi yana komawa birni a kan doki, ya mutu da asubar kashegari yana da shekara 47. Aka binne shi a ɗakin sujada na 'yan sista na Ursuline, cikin ramin da harsashin igwa ya haƙa. Kowane ɓangare ya yi asarar mutane fiye da 600, matattu da masu rauni. Ran 18 ga Satumba Kwibek ta ba da kai.

Bayan Mutuwarsa

Aka kai gawar Wolfe Ingila, aka binne shi kusa da mahaifinsa a majami'ar St. Alfege ta Greenwich ran 20 ga Nuwamba, 1759. A wasiyyarsa ya ce a yi wa hoton Katherine ado da duwatsu masu daraja a mayar mata. Mahaifiyarsa ta wayi gari ba miji, ba ɗa ko ɗaya.

Yaƙin bai ƙare a ranar ba. Da hunturu ciwo ya kashe ɗaruruwan sojojin Ingila a cikin rusasshen birnin, a watan Afrilu na 1760 kuma Faransawa suka dawo suka ci su a Sainte-Foy. Abin da ya cece su shi ne, da ƙanƙara ta narke jiragen Ingila ne suka fara isowa, domin an riga an karya rundunar ruwan Faransa a Quiberon a daidai ranar jana'izar Wolfe. Montreal ta ba da kai a Satumba na 1760. A shekarar ce kuma Ingilishi suka rushe ganuwar Louisbourg da albarushi don kada a sāke mayar wa Faransa ita. A sulhun Faris na 1763 Faransa ta sallama Kanada. 'Yan asalin ƙasar, masu ƙasar tun fil azal, ba wanda ya nemi ra'ayinsu.

Nasarar ta zo wa Ingila da abin da ba ta zata ba. Da tsoron Faransa ya kau, mutanenta na bakin teku suka ga ba su da sauran bukatar kāriyarta. Ta ɗora musu haraji don biyan bashin yaƙi, suka yi tawaye, a 1776 suka shelanta 'yancin Amurka, George Washington yana jan sojojinsu. Faransawan Kanada kuwa suka riƙe harshensu da addininsu, har yau Faransanci ne harshen lardin Kwibek. A birnin akwai hasumiya guda da aka gina a 1828 don tunawa da Wolfe da Montcalm tare. Daga 1961 gwamnatin Kanada ta sāke gina wani sashe na Louisbourg domin masu zuwa ganin tarihi.

Abin Koyi

'Yan'uwa ɗalibai, akwai abin ɗauka a rayuwar mutumin nan. Allah bai ba shi lafiyar jiki ba, bai kuma yi doguwar makaranta ba, amma bai mai da waɗannan hujjar zama ba. Yana babban hafsa ya koma gaban malami yana koyon lissafi. Da dabararsa ta kāsa, ya saurari mutanen da ba sa ƙaunarsa. Nasarar ma ba tasa ce shi kaɗai ba, akwai masu tuƙin jirage da masu jan igwa a fadama waɗanda ba a rubuta sunayensu ba.

Akwai kuma abin tsoro. Mutumin da ya ceci yaro bawa daga bulala shi ne ya sa wuta a gidajen manoma 1,400. Naci da taurin zuciyar da suka kai shi kan hayin Kwibek su ne suka rufe masa ido daga kukan talakawa sa'ad da nasara ta yi masa nisa. Yawancinmu ba za mu ja runduna ba, amma wasunmu za su riƙe ofis, ko aji, ko asibiti, ko gida, inda wani marar ƙarfi zai kasance a ƙarƙashinsu. Mu roƙi Allah ya ba mu himma irin ta Wolfe, ya haɗa mana da jinƙan da ya rasa a gaɓar St. Lawrence.